Sanwici a Tsakiyar Birni: Abinci Ne ko Riƙon Ciki?

Wasiƙu uku ne suka zo mana daga birnin Katsina a kan magana ɗaya, wato ƙananan shagunan nan da suke sayar da burodi mai ciko, wanda ake kira sanwici, ga ma'aikatan da ba su samun damar komawa gida da rana. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a wani ofishi da ke kan titin IBB, gidana kuma yana can bayan Ƙofar Guga. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki, kuma a da, da zarar an idar da sallar azahar sai in hau mashin in je gida in ci abinci in dawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wannan zirga-zirga ta gagare ni, har ya zama wata rana sai na tashi daga aiki nake sa wani abu a cikina. Makon jiya wani abokin aikina ya ja ni zuwa wani ƙaramin shago kusa da ofishinmu, aka tsaga burodi aka cusa kaza da kabeji da bama aka ba ni, na biya naira 2,500 har da lemo. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini daɗi, amma kafin la'asar yunwa ta dawo, sa'annan kuma duk zaman da na yi a wurin a tsarge nake, ina fargabar kada wani surukina ya leƙo ya gan ni. Shin wannan abu ya isa a kira shi abincin rana? Kuma ya dace magidanci mai 'ya'ya biyar ya riƙa zama a irin wannan wuri?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da wasiƙarka ta iso ban so in amsa maka daga kan kujera ba, tun da gani ya kori ji, saboda haka ranar wata Talata bayan azahar na nemi ɗaya daga cikin irin waɗannan shaguna a tsakiyar gari na shiga. Ɗaki ne guda mai tebura huɗu da fanka biyu, da kanta a can ƙurya. A kan kantar akwai akwatin gilashi da aka jera sanwici guda shida ko bakwai a ciki, kowanne a naɗe cikin farar leda, ledar kuma ta yi gumi daga ciki har ruwa ya taru a ƙasanta. Saurayin da ke bayan kantar ya ce mini, "Baba, ga waɗanda aka haɗa nan, ba sai ka jira ba." Na ce masa zan jira. Sai ya ɗauko burodi ya tsaga shi gida biyu ya kifa a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, ya fasa ƙwai biyu a gefe ya watsa albasa da attaruhu, ya ɗebo naman kaza da aka yayyaga daga firji ya juya shi a wuta har sai da na ga tururi yana tashi, sa'annan ya haɗa, ya danne da bayan cokali, ya yanka a karkace ya miƙo mini a faranti. Duka-duka minti bakwai ne. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne wani yaro daban ne yake karɓar kuɗi, hannun da ya taɓa naira bai taɓa burodina ba. A teburin da ke kusa da ni wasu samari biyu ne da katin aiki rataye a wuya, suna ci suna duba agogo, kafin in gama kuma wani dattijo mai farin gemu ya shigo, ya sa aka ƙunshe masa guda biyu, ya koma motarsa bai ko zauna ba.

Bari in fara cire maka baƙuntar abin. Sunan ya samo asali ne daga wani basarake na Ingila mai suna John Montagu, wanda ya rayu daga 1718 zuwa 1792, shi ne kuma na huɗu da ya riƙe sarautar da ake jingina wa garin Sandwich. An ce ya kan sa a kawo masa nama a tsakanin yanka biyu na burodi don kada ya tashi daga inda yake zaune. Wasu sun ce teburin caca ne, wasu kuma sun ce teburin aiki ne, domin ya daɗe yana shugabantar ma'aikatar sojan ruwa. Kalmar dai ta bayyana a rubuce tun 1762. Ko wanne ne gaskiya, abincin wanda lokaci ya ƙure wa ne tun asali, kamar dai yadda ya ƙure maka. Kuma ba shi ne ya ƙago dabarar ba. Larabawa sun daɗe suna naɗe nama a gurasa, mu ma nan wane ne bai taɓa tsayawa wurin mai shayi an soya masa ƙwai an cusa a burodi ba, ko ya matse ƙosai mai zafi a tsakiyar yanka biyu, ko ya naɗe tsire da albasa a gurasa? Ba cinya ba, ƙafar baya. Abin da shagon ya ƙara a kan mai shayi shi ne tebur da fanka da firji, da kuma buɗewa da rana tsaka, lokacin da yawancin masu shayi suka naɗe teburansu sai yamma.

Yunwar da ta dawo maka kafin la'asar tana da dalili. Farin burodi ana yin sa ne da fulawar da aka cire wa dusa, don haka jiki yana narkar da shi da sauri, lemon kwalba kuma ya fi shi saurin wucewa. Abin da ke riƙe ciki shi ne nama da ƙwai da wake da maiƙo da ganye, kuma a nan ne masu shago suke tsimi: za ka ga kabeji da bama sun cika ido, amma idan ka buɗe burodin kazar ba ta fi cikin cokali biyu ba. Saboda haka kada ka ji nauyin cewa a ƙara ƙwai, ko a rage bama a ƙara tumatir da albasa, in kuma suna da burodin da ba a cire wa dusa ba ka zaɓe shi ko da ya ɗan fi tauri. A maimakon lemo ka sha ruwa, ko ka sayi kindirmo ko fura mai sanyi daga inda ka amince da tsaftarsa, domin sanwici guda da kofin fura sun isa su kai ka magariba. Gyaɗa ko dabino a aljihun tebur ma suna rufa asiri.

Sai dai akwai wani gefe da ban so ka manta da shi. Ka tuna yadda kake ji da ƙarfe uku a zamanin da kake komawa gida ka ci malmala biyu ta tuwo da miyar kuka. Jikin ɗan Adam da ma yana da wata kasala da takan sauko masa bayan tsakar rana ko da bai ci komai ba, shi ya sa iyayenmu suka san ƙailula, abinci mai nauyi kuma yana ƙara mata ƙarfi. Manomin da zai kwanta gindin bishiya bayan ya ci ba shi da matsala da wannan, amma kai da za ka koma kan fayil da kwamfuta har ƙarfe huɗu, sauƙin cikin nan da ka ɗauka aibi ne yana iya zama amfani a gare ka. Hadisin da ya raba ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ya fi sauƙin bi da sanwici a kan kwanon shinkafa da wake da mai da yaji.

Inda nake da ja shi ne kuɗi. Idan ka ci na naira 2,500 a kowace ranar aiki, kwana 22 a wata, ka kashe naira 55,000 ke nan a kan cikinka kai kaɗai, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ban san matakin albashinka ba, amma mai 'ya'ya biyar ya san abin da naira 55,000 take saye na gero da masara a babbar kasuwa. Ba kuma zalunci ne kawai na masu shago ya kawo tsadar ba. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Nijeriya daga waje ake shigo da ita da dala, yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya ɗaga farashinta a duniya, darajar naira kuma ta faɗi ƙwarai tun daga watan Yuni na 2023. Ka haɗa da kuɗin hayar shago a bakin babban titi da man janareta da ake ƙonawa don firji ya yi sanyi. A ganina wurin nan na sau ɗaya ne ko sau biyu a mako, ranar da aiki ya yi yawa ko taro ya ja lokaci. Amfaninsa na gaskiya shi ne kusanci: Dokar Ƙwadago a sashe na 13 ta yi tanadin hutun da jimillarsa bai gaza awa ɗaya ba ga wanda yake aikin awa shida ko fiye, kuma a aikace awa ɗayan nan ita ce yawancin ofisoshi suke bayarwa, rabinta kuma alwala da jam'i suke cinyewa. A sauran minti talatin ba za ka je bayan Ƙofar Guga ka dawo ba, amma za ka taka zuwa shagon, a haɗa maka a gabanka, ka ci a natse.

Maganar suruki kuwa ba zan yi maka dariya ba, domin ba banza ba ake yi wa Katsinawa kirari da kunya gare ku ba dai tsoro ba. Malaman fiƙihu na da sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum mutunci, amma sun ɗaura hukuncin ne a kan al'adar wuri da kuma halin da mutum yake ciki, shi ya sa ba wanda yake zargin matafiyi don ya ci abinci a tasha. Ɗaki mai ƙofa da kujera ba gefen kwata ba ne, ma'aikacin da ya fito tun ƙarfe bakwai na safe kuma yana da uzuri bayyananne. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ka yi yadda dattijon nan ya yi, a ƙunshe maka ka koma ofis. Sai dai ka sani sanwici yana da wata illa da kwanon tuwo ba shi da ita: abincin mutum ɗaya ne. Idan ka buɗe shi ka ce wa na kusa da kai bismillah, shi kuma ya ɗauki maganar da gaske, to rabin abincin ranarka ya tafi.

TAMBAYA: Malam, ni ban daɗe da fara aiki ba. Wata rana aiki ya riƙe ni har ƙarfe uku, sai na shiga wani shago na ɗauki sanwicin kaza daga cikin waɗanda aka riga aka haɗa aka ajiye a gilashi. Kafin magariba na fara amai da murɗawar ciki, sai washegari na samu kaina. Abokaina sun ce bama ce ta lalace. Haka ne?

AMSA: Sannu, ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa a kan abin da ya same ka ba, amma zargin da abokanka suka ɗora wa bama ya yi sauri. Bamar kamfani da ke zuwa a kwalba tana da tsami sosai saboda ruwan khal da ake sa mata, kuma ƙwayoyin cuta ba su cika yaɗuwa a cikinta ba. Wadda ake haɗawa da hannu da ɗanyen ƙwai ita ce abin tsoro. Wanda ya fi cancantar tuhuma shi ne naman kazar da aka dafa da safe, aka yayyaga da hannu, aka naɗe a leda aka bar shi a gilashin da ba ya sanyi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin maki 5 da maki 60 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin firji ba. Hukumomin abinci na Amurka ma sun rage wa'adin zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya haura maki 32, kai kuwa ka san a Katsina a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan kai maki 40. Wanda aka haɗa da hantsi ka ci da ƙarfe uku ya ninka wannan wa'adi sau da yawa.

Saurin da ciwon ya yi ma yana nuna wani abu. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fata da hancin mutane da yawa masu lafiya, wadda idan ta shiga abinci daga hannun mai haɗawa ta kuma samu ɗumi takan saki guba, gubar kuma takan tayar da amai tsakanin minti talatin zuwa awa takwas, sa'annan ta lafa cikin kwana guda. Ɗumama abincin ba ya kashe wannan guba, saboda haka kada ka yarda a ɗauko tsohon sanwici a ɗora a wuta a ce ya zama sabo. Ita kuwa ƙwayar cutar salmonela, wadda aka fi dangantawa da ƙwai da kaza, takan ɗauki awa shida zuwa kwana shida kafin ta bayyana, galibi da zazzaɓi da gudawa. Ka kuma lura da ɗanyen ganye, wato kabeji da latas da kokwamba, domin ba su ganin wuta, lafiyarsu tana rataye ne a kan ruwan da aka wanke su da shi. Da damina, lokacin da amai da gudawa suke yawaita, gara ka ce a bar maka albasa da tumatir da aka soya tare da ƙwai. Shi kansa burodin ka duba ledarsa ko tana ɗauke da sunan gidan burodi da lambar NAFDAC, domin tun zamanin da marigayiya Dora Akunyili take shugabantar hukumar aka haramta sa sinadarin buromet da wasu suke amfani da shi don burodi ya kumbura.

Idan irin wannan ya sake faruwa, abin da jiki ya fi buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari a sha kaɗan-kaɗan, ba a ruga kemis a sayi Flagyl a haɗiya ba tare da an ga likita ba. Amma in ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ruwa ma ya ƙi zama a ciki, ko aka shiga kwana na uku ba sauƙi, to asibiti za ka nufa.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya daina ɗaukar kular abincin da nake zuba masa da safe, ya ce akwai shagon sanwici kusa da wurin aikinsu. Abin ya sosa mini rai, ga shi kuma likita ya ce yana da hawan jini. Yaya zan yi?

AMSA: Uwargida, ki yi haƙuri, mai yiwuwa ba girkinki ya ƙi ba, kular ce ta gaza. Abincin da aka zuba da ƙarfe bakwai na safe aka buɗe da ƙarfe biyu ya yi awa bakwai a rufe, kuma in kular ba mai riƙe zafi ba ce sosai, shinkafa takan iso da ɗumi-ɗumi ta saki ruwa, miya kuma ta fara sauya ƙamshi, maza da yawa kuwa gara su kawo wani dalili da su faɗi wannan. Ki gwada cika kular da tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, ki zubar, sa'annan ki zuba abincin yana kan tafasarsa. Yakan ƙara mata riƙon zafi ƙwarai.

Damuwarki a kan hawan jini kuwa tana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, sanwicin shago kuma gishirinsa a ɓoye yake: akwai shi a burodin, akwai a bama, akwai a sosej da kifin gwangwani, ga kuma dunƙulen magin da ake marmasawa a ƙwai. Ranar da zai ci na shago, ya nemi na ƙwai ko na kaza, ya ce kada a sa magi, ya bar sosej ɗin.

Tun da dai abin ya kwanta masa a rai, ki karɓe kasuwar daga hannun mai shago. Kada ki haɗa masa tun daga gida, domin burodin zai jiƙe, cikon kuma ya yi rabin yini a zafi. Ki ba shi komai daban: burodi ko gurasa a ledarsa, dafaffen ƙwai biyu da ɓawonsu ba a fasa ba waɗanda zai ci tun kafin rana ta yi nisa in ofishinsu babu firji, ko kuma dambun naman da kika yi da kanki kika rage masa gishiri, wanda ya fi komai jure zafi saboda bushewarsa, da tumatir da kokwamba da aka wanke ba a yanka ba, da 'yar ƙaramar wuƙa a naɗe a tsumma mai tsafta. Idan an sallame azahar ya yanka ya haɗa da kansa a kan teburinsa. Ki kuma riƙa sa abin da zai isa mutum biyu, saboda wanda zai ce wa bismillah.